Baƙin ƙarfe ko mai ruwan zinariya: wane kayan takobin Japan ya kamata ka fara saya?

A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta kafa dokar da ta hana yawo da takobi a ƙugu, in ban da soja da ɗan sanda da wanda ya yi shigar fada. Kafin nan, tsawon mulkin gidan Tokugawa da ya fara a 1603, samurai, wato mayaƙin Japan na wancan zamani, yakan fita ne da takubba biyu, dogo da gajere, kuma kowane takobi da kayan ƙarfen da aka ƙawata ƙotarsa da su. Mai hali ma yakan ajiye na canji, na zuwa fada daban, na yawon gari daban. Da doka ta fito sai kayan suka rasa aikin yi. Gidaje da yawa suka kwance su suka sayar don su rufa wa kansu asiri, Turawa da Amurkawa suka yi ta jida, har yau gidajen tarihi na Landan da Boston da New York suna da su tuli. Abin da ya rage a kasuwa ma bai ƙare ba. Shi ya sa mai matsakaicin ƙarfi, ko a ina yake, zai iya mallakar aikin hannu mai shekara 200 ko 300 wanda bai fi tafin hannunsa ba, ba tare da ya shiga wahalar shigo da takobi sukutum ba.

Amma duk wanda ya fara leƙa shafukan dillalai zai tarar hanya ta rabu biyu, kuɗinsa kuma ba za su bi duka biyun ba. Ga na baƙin ƙarfe, masu duhu, wasu har da ɗan tsatsa. Ga kuma masu ruwan zinariya da azurfa, masu ɗaukar ido. Ido wajen na biyun yake fara zuwa. Ni kuwa a ganina mai sayen farko na baƙin ƙarfen ne ya fi dacewa da shi, sai dai hujjar tana da ɗan tsawo, kuma akwai waɗanda shawarar ba ta hau kansu ba.

Sunayen kayan ba su da yawa, kuma da su dillalai suke magana. Babba a cikinsu shi ne tsuba, faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙota da ruwan takobi, mai hana hannu zamewa ya hau kaifi. Na dogon takobi faɗinsa kamar santimita 7 zuwa 8 ne, kaurinsa milimita 3 zuwa 6. A tsakiyarsa akwai rami mai siffar gindin takobin, a gefe kuma sau da yawa akwai ƙananan ramuka ɗaya ko biyu. Sai fuchi, zoben da ke bakin ƙota, da kashira, murfin da ke ƙarshenta. Tare ake sayar da su. Sai menuki, 'yan ƙananan ado guda biyu da ake sawa ƙarƙashin igiyar da aka naɗe ƙota da ita. Sai kozuka, ƙotar wata 'yar wuƙa da ake sokawa a jikin kube, tsawonta bai kai santimita 10 sosai ba, da kogai, wani tsinken ƙarfe na gyaran gashi da ke ɗaya gefen kuben.

Masu yin su kashi biyu ne, kamar dai yadda muke da maƙeran baƙi da maƙeran fari. Na farko suna dukan baƙin ƙarfe, kuma galibin aikinsu tsuba ne. Na biyu, waɗanda ake kira kinko, suna aiki da jan ƙarfe da zinariya da azurfa da gaurayensu, su ne kuma suka fi yin ƙananan kayan, ko da yake suna yin tsuba su ma. Akwai inda suke haɗuwa, don za ka ga baƙin ƙarfe da aka dasa wa zinariya, amma idon mai saye bai ɓacewa wajen raba su.

Abin da ke cikin baƙin ƙarfe

Tsofaffin tsuba na ƙarfe da ake samu yawanci sun fito ne daga zamanin Muromachi, tsakanin 1336 da 1573, lokacin da yaƙi bai ƙarewa a ƙasar. Faranti ne siriri, da ɗan huji ɗaya ko biyu mai siffar fure ko mazari, shi ke nan. Ana jingina irinsu ga maƙeran takobi da maƙeran sulke. Daga nan aka faɗaɗa hujin har ya zama shi ne adon: maƙeri ya yanke yawancin farantin ya bar zanen tsaye cikin zobe. Wannan salon shi ake kira sukashi, kuma a nan ne na fi ganin gwanintar Japanawa. Ba launi, ba zinariya, abin da aka cire da abin da aka bari kawai.

Ɗauki irin wanda ake jingina wa yankin Owari. Zagaye ne, mai kauri a baki, ya ɗan sirance zuwa tsakiya. Zanen a daidaice yake hagu da dama, ƙila agwagin daji biyu masu tashi da wani tambarin gida, kuma sandunan da suka riƙe shi ba su da laushi ko kaɗan. Launinsa ba baƙi ƙirin ba ne, yana da wani duhu mai ja-ja ko shuni-shuni, da sheƙi mai kama da danshi alhali a bushe yake. In ka bi bakinsa da yatsa za ka ji 'yan ƙuraje da jijiyoyi sun taso. Japanawa suna kiransu tekkotsu, kuma masu tara kayan ba sa ɗaukarsu aibi, nemansu ma suke yi, don suna nuna ƙarfen da aka ninka aka daka da hannu, wanda bai zama bai ɗaya ba. Na Kiyoto sun fi sirantaka da yanga. Na Akasaka, waɗanda aka yi ta yi a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, tun ƙarni na 17 har ƙarshen zamanin samurai, suna tsakani: baki mai kauri a mulmule, zane mai motsi.

Sai na Higo, yankin Kumamoto na yau, inda gidan Hosokawa ya karɓi mulki a 1632. Tsohon gidan, Hosokawa Sansai, almajirin Sen no Rikyu ne, babban malamin ladubban shan shayi, kuma wannan tarbiyya ta ƙin almubazzaranci da son abu mai natsuwa ta shiga aikin maƙeran da ke ƙarƙashinsa. Gidaje huɗu suka yi suna: Hayashi, Hirata, Nishigaki da Shimizu. Hayashi Matashichi yana yanka mai tsabta kamar an auna da ma'auni, wani lokaci ya ɗan ratsa zinariya siririya. Na Shimizu kuwa kaushi gare su, mujiya ko gaggafa da aka dasa da farar tagulla a kan ƙarfe mai gargada. Wanda ya saba da na Higo, da wuya ya koma yana sha'awar mai ƙyalƙyali.

Sunaye biyu da za ka yi ta cin karo da su su ne Nobuie da Kaneie, manyan maƙeran wajen ƙarshen ƙarni na 16. Kaneie, wanda ya zauna a Fushimi kusa da Kiyoto, shi ake ba wa lambar fara zana shimfiɗar ƙasa a kan tsuba: dutse can nesa, masunci cikin kwalekwale, ɗigon zinariya ɗaya ko biyu. Na gaskensu kaɗan ne ƙwarai, masu ɗauke da sunansu kuwa ba sa ƙirguwa, don an shafe ƙarnuka ana kwaikwayonsu. In ka ga ɗayan sunayen nan a kan abu mai sauƙin kuɗi, ka ɗauka kwaikwayo ne, ka yi cinikinsa a haka in ya burge ka.

Abin da ke cikin na maƙeran fari

A nan maganar launi ce, kuma launin ba fenti ba ne. Babban gaurayensu shi ne shakudo: jan ƙarfe da aka zuba wa zinariya kaɗan, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wani lokaci fiye. In an gama sassaƙa sai a goge shi da gawayi, a wanke da ruwan wani farin tushe mai yaji da suke ci, daikon, sannan a tafasa shi cikin ruwan magani da aka haɗa da koriyar tsatsar jan ƙarfe. Yana fitowa sai ya zama baƙi mai shuɗi-shuɗi. Na biyu shi ne shibuichi, jan ƙarfe da azurfa kamar rubu'i, wanda tafasar take mayar da shi ruwan toka, mai haske ko mai duhu gwargwadon azurfar. Tsantsar jan ƙarfe kuma ta koma ja mai zurfi. Zinariya ba ruwanta da maganin, yadda ta shiga haka take fita. Saboda haka maƙeri zai jera ƙarafa huɗu ko biyar a kan abu ɗaya, ya tsoma shi sau ɗaya, kowanne ya ɗauki launinsa. Abin lura shi ne launin nan fata ce siririya a sama. A ƙarƙashin baƙin shakudo, jan ƙarfe ne kawai.

Gidan da ya mamaye wannan sana'a shi ne gidan Goto. Kakansu, Goto Yujo, wanda ya rayu daga 1440 zuwa 1512, ya yi wa shogun Ashikaga Yoshimasa, shugaban mulkin sojan ƙasar, aiki, zuriyarsa kuma ta ci gaba da yi wa masu mulki har tsara 17. Su ne ma aka damƙa wa buga manyan tsabar zinariya da yin duwatsun awo na hukuma. Salonsu a ƙa'ide yake: shakudo baƙi, a kansa zaki ko dodon ruwa na zinariya ya taso. Samurai mai shiga fadar Edo akwai shigar da aka tsara masa, baƙin kube, tsuba na shakudo marar hayaniya, ƙananan kaya irin na Goto. Saitin kozuka da kogai da menuki masu zane ɗaya, wanda ake kira mitokoromono, shi ne abin alfaharin gidan.

Abin da ya kamata ka sa wa gilashin ƙara girma shi ne shimfiɗar da ke bayan zanen, wadda ake kira nanako. Ƙananan ƙwayoyi ne masu tudu, kowace ɗaya an buga ta da wani ɗan ƙarfe mai rami a baki, bugu ɗaya ƙwaya ɗaya, layi bayan layi. Ƙwayar ba ta kai milimita ɗaya ba. A kan kozuka guda akwai dubbansu. A aikin kirki layukan a miƙe suke, ƙwayoyin girmansu ɗaya, kowace a ware take da 'yar'uwarta, kuma suna tafiya har gindin zanen ba tare da sun rikice ba. A aikin kasuwa za ka ga layi ya karkace, wata ta hau kan wata, wani wurin ma kamar an danna ne da tambari. Minti biyu da gilashi sun isa su gaya maka wane irin hannu ne ya yi abin.

A wajen 1700 attajiran birni suka yi kuɗi, suna son abin da ya fi na fada rai. Yokoya Somin, wanda ya rayu daga 1670 zuwa 1733, ya bar aikin hukuma ya koma yi wa mutanen gari, shi ya sa ake kiran salon machibori. Ya shahara da wata sassaƙa da ake karkata kurfi, gefe ɗaya na layin ya yi zurfi ɗayan ya kwanta, sai layin ya fito kamar jan alƙalamin gashi, nan kauri can siriri. Tare da shi akwai gwanayen gidan Nara uku, Toshinaga da Joi da Yasuchika, sannan Omori Teruhide mai igiyar ruwa da ake sassaƙa ƙarƙashinta har ta tashi daga jikin ƙarfen. A ƙarshen zamanin aka yi Goto Ichijo da Kano Natsuo. Natsuo ya ga dokar 1876 da idonsa, shi ne kuma ya yi zanen tsabar kuɗin yen na farko, ya rasu a 1898. Cikin almajiran Ichijo akwai Araki Tomei, wanda ya yi suna da abu ɗaya: zangarniyar wani irin gero nasu, ta zinariya, ta sunkuya don nauyi, kowace ƙwaya a fili. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gona gab da girbi, in ya ga hotonta zai san mutumin ya kalli abin da kyau kafin ya ɗauki kurfi.

To, in haka ne, me ya sa ban ce a fara da su ba?

Abin da ƙaramin kuɗi yake saye

Dalilin farko kuɗi ne, amma ba wai don kinko ya fi tsada kawai ba. A ɓangaren baƙin ƙarfe, tsakanin na ƙasa da na ƙoli akwai tsani mai matakai da yawa. Tsuba marar sa hannu na zamanin Edo, wato zamanin mulkin Tokugawa, daga maƙeran Akasaka na baya-baya, ko na Shoami, ko na Choshu, ana samunsa a 'yan ɗaruruwan daloli, kuma abu ne na gaskiya: maƙeri ya daka shi, samurai ya ɗaura shi, ba ya da'awar zama abin da ba shi ba ne. A ɓangaren kinko tsanin ya karye a tsakiya. Aikin kirki yana cin zinariya da watanni, don haka tun ranar da aka yi shi mai tsada ne, yau kuma dubban daloli ake magana. Abin da ke sauka zuwa farashin mai sayen farko yawanci kwaikwayon wancan ne. Tun a zamanin Edo akwai kayan shago da ake yi da yawa don masu ƙaramin ƙarfi, ana ce musu shiiremono, da waɗanda ake kira Nagoya-mono, masu kama da na Goto daga nesa, amma ƙarfen ba shakudo na ainihi ba ne, launinsa ya fi karkata ga ruwan ƙasa. Bayan 1876 kuma aka shiga yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido kaya a tashar Yokohama, masu cunkoson ado, wasu ba a taɓa nufin su hau takobi ba. Har ƙotocin kozuka na gwangwani aka dinga bugawa da inji ana haɗa su da wuƙaƙe da cokula masu yatsu ana kai wa Turai. Duk waɗannan tsofaffi ne, sun haura shekara 100, dillali bai yi ƙarya ba in ya ce maka tsohon kaya ne. Amma araha ba ta ado. Da kuɗi ɗaya, a baƙin ƙarfe za ka sami aikin tsakiya mai mutunci, a kinko kuwa na ƙasan ƙasa.

Dalili na biyu sa hannu ne. Maƙeran fari na zamanin Edo sun fi sa sunansu, kasuwa kuma sunan take biya, don haka nan jabu ya fi yawa. Somin, Yasuchika, Omori, Natsuo, duk an sassaƙa sunayensu a kan aikin da ba su taɓa gani ba, wani tun suna raye. Sabon shiga ba shi da yadda zai raba sa hannun gaske da na ƙarya, don aikin yana bukatar kwatanta bugun kurfi ɗaya-ɗaya da misalan da aka tabbatar. Abu marar suna, wanda suke kira mumei, ya raba ka da wannan ciwon kai gaba ɗaya. Kuma rashin suna ba ragi ba ne: yawancin tsofaffin sukashi ba su da shi, shugabannin Goto na farko ma ba sa sawa, jikokinsu ne daga baya suke dubawa su ba da takarda.

Kada wannan ya sa ka ɗauka baƙin ƙarfe ba shi da nasa tarkon. Yana da shi, kuma babba ne: zubi. Ana ɗaukar tsuba na gaske a yi masa gurbi, a narka ƙarfe a zuba, a shafa masa tsatsar ƙarya, kuma irinsu sun cika shafukan gwanjo na intanet. Ka leƙa cikin hujojin. In ka ga wani siririn layi ya bi tsakiyar bangon hujin, wurin da gurbi biyu suka haɗu ke nan. Ka nemi ƙananan ramuka kamar na kumfa a fuskar ƙarfen, da gefuna da suka dakushe kamar sun narke, da rubutun da ya yi dishi-dishi. A tsuba da aka yi amfani da shi, sau da yawa akwai 'yan guntayen jan ƙarfe da aka cusa sama da ƙasan ramin tsakiya don ya kama takobin. A na zubi za ka ga siffarsu, amma su ma baƙin ƙarfe ne, don tare aka zuba. In kuma ka ga zane ɗaya sak, da tabo a wuri ɗaya, a hannun masu sayarwa uku, magana ta ƙare. Bambancin shi ne waɗannan alamu mutum yana iya koyonsu cikin 'yan makonni. Karanta sa hannu kuwa aikin shekaru ne.

Inda kinko ya yi gaba

Gaskiya guda da ba zan ɓoye ba ita ce hoto ya fi yi wa kinko adalci. Yawancinmu daga nesa za mu saya, cinikin biri a sama, sai abin da kyamara ta nuna. Nanako da sassaƙa suna fitowa sarai a hoto mai kyau, har ka ƙirga ƙwayoyin. Kyan baƙin ƙarfe kuwa a fatarsa yake da nauyinsa a hannu, kuma fitila tana iya mayar da matacce mai rai, ko mai rai matacce. Akwai wanda aka shafe da baƙin kakin zuma don a rufe ramukan tsatsa. Akwai wanda ya taɓa shiga gobara, abin da ba baƙo ba ne a biranen katako irin Edo: fatarsa takan yi fari-fari kamar toka, tana ɓarewa, kuma ba ya dawowa. Dole ka roƙi hoto a hasken rana, na fuska biyu da na baki da na cikin huji.

Sai yanayi. Baƙin ƙarfe abokin gabarsa danshi ne. A Kano ko Zinder ko Sakkwato yawancin shekara ba matsala, sai dai a sa ido daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ke Legas ko Kumasi ko Duwala kuwa aikinsa na kullum ne. Tsatsa iri biyu ce: baƙar da ta zauna, ita ce fatar da ake so, ita ke kare ƙarfen, ja mai gari-gari kuwa tana ci ne, kuma in ta shiga ƙarƙashin zinariyar da aka dasa sai ta ɗago ta ta zubar. Shakudo da shibuichi ba sa wannan tsatsar. A gari mai laima, wannan babban maki ne a gare su.

Amma ka dubi yadda kowanne yake ɗaukar rauni. Jar tsatsa in ba ta yi zurfi ba ana kankare ta a hankali da guntun ƙashi ko ƙaho, waɗanda suka fi tsatsar tauri amma ba su kai fatar ƙarfen ba, sannan a yi ta shafa da tsumman auduga mai tsabta. Wata da watanni abin yana ƙara kyau a hannunka. Kinko ba ya yafiya haka. Ƙwayar nanako in ta lotse ta lotse, zinariyar da ta goge a kan hancin zaki ba ta tsirowa, ƙarzuwa ɗaya kuma tana tona jan da ke ƙarƙashin baƙin. Ƙurar hunturu ma in ta kwanta a kansa ka share da tsumma a bushe, ka ƙarje shi ke nan. Hurewa ake yi, ko a kaɗe da burushi mai laushi. Gumin hannu yana bar masa tabo. Babban haɗarin kuwa a gidajenmu yake: mun saba in ƙarfe ya yi duhu a kawo toka da lemon tsami ko man goge ƙarfe a dirje shi sai ya yi wal. Wani mai son ya kyauta maka zai iya shafe launin shekara 200 kafin ka dawo daga masallaci. Wannan ya shafi duka biyun, amma a kinko ɓarnar ta fi sauri. Ka ajiye su cikin akwatinsu na wani itace da Japanawa ke kira kiri, wanda yawanci da shi ake sayarwa, da ɗan ƙullin maganin danshi a kusa, ka kuma gaya wa mutanen gida kada a taɓa. In za a aiko maka, ka ce a naɗe tsuba daban da akwatin, don ɗan turken da ke tsakiya wani lokaci da ƙusa aka kafa shi, in ya tsinke a hanya ƙusar ce za ta yi ta cin ƙarfen.

Akwai kuma maganar abin da aka zana, wadda dillalan can ba za su kawo maka ba amma da yawa daga cikinmu ta dame su. Kinko cike yake da surar mutane da dabbobi, wasu kuma abubuwan bautarsu ne kai tsaye, irin su Daikoku da Ebisu da Hotei da Fudo. Wanda bai san su ba zai ɗauka wani tsoho ne mai tumbi da buhu. A baƙin ƙarfe ma ba a rasa ba, har akwai masu rubutun addu'o'in addinin Buddha a jiki. Sai dai sukashi ya fi karkata ga ganye da fure da gora da igiyar ruwa da tambarin gidaje, don haka mai gudun sura ya fi samun zaɓi a nan. Ko wanne za ka saya, ka tambayi abin da zanen yake nufi da abin da rubutun ya ce.

Takarda, da inda na tsaya

Ƙungiyar da kasuwa ta fi yarda da hukuncinta ita ce NBTHK da ke Tokiyo, wadda aka kafa a 1948 don ceto takubban ƙasar bayan yaƙin duniya na biyu. Takardunta hawa huɗu ne: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, da Tokubetsu Juyo. Na farkon ya ishe ka. Yana nufin abin na gaske ne, ya cancanci adanawa, in da sa hannu an yarda da shi, in babu kuma an faɗi gidan da ake jingina shi. Ba sa ba wa mai sa hannun ƙarya. Takardar tana ɗauke da hoton abin, sai ka gwada shi da wanda ake sayar maka, tabo da tabo. Tsarin Hozon ya fara ne a 1982, takardun da suka girme shi kuma kasuwa ba ta ba su nauyi ɗaya. Tun da sai abu yana Japan ake duba shi, ya fi maka sauƙi ka sayi wanda ya riga ya samu, ko da ya ɗan fi tsada. A kinko mai suna, ni ban ga dalilin saye ba takarda ba sam.

Saboda haka in kuɗinka na abu ɗaya ne, ka nemi tsuba na baƙin ƙarfe, sukashi, marar sa hannu, na zamanin Edo, mai lafiyayyar fata, da Hozon in ya samu. Za ka iya riƙe shi da hannu mai tsabta kullum, kuma a riƙon ne ido yake koyon abin da zai yi masa amfani a saye na biyu. Kafin ka biya, ka ɓata makonni kana kallon hotunan da gidan tarihi na Metropolitan da na Boston da Victoria and Albert suka sa kyauta a intanet, don ka san yadda na kirki yake.

In kuwa kana zaune a gari mai laima, ko kuwa ka san ranka sassaƙa da launi yake so, ba duhun ƙarfe ba, kada ka tilasta wa kanka. Sai dai ka bar tsuba na kinko tukuna, don mai kyau ya fi ƙarfin sayen farko. Ka nemi ƙaramin abu: fuchi da kashira, ko kozuka guda, na shakudo, marar suna, mai zane ɗaya tak da nanako a miƙe. Ka tabbatar fuchi da kashira ɗin asalinsu tare suke, launi ɗaya, hannu ɗaya, don ana yawan haɗa marayu biyu a sayar a matsayin saiti. Menuki kuma ka nemi hoton bayansu: na kirki daga baya aka dako su, za ka ga kwarmi mai tsabta da ɗan turke a tsakiya. In kozuka ce, ka tambaya ko da 'yar wuƙarta a jiki, don in tana nan, a wurin kamfanin aikawa da kwastan wuƙa ce ka sayo, ba kayan ado ba, kuma ana iya cire ta a aiko maka da ƙotar kaɗai.